Soson Da Gwaggo Ta Dafa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki kina cin abinci a zaune kamar mutane, ba biskit a tsaye ba yadda kika saba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da take yi mini tsiya duk lokacin da zan hau matakala. Kin ce in riƙa kiran ki. Kin san kunnen nan nawa ba ya jin komai a waya sai ƙara, in yi ta "iye? iye?" har mai magana ya gaji. Ki haƙura da takarda.

Abin da ya sa na rubuto, akwatin kifin mahaifinki ya fara yoyo. Shekaranjiya da safe na taka ruwa a falo, na bi shi har ƙarƙashin tebur, ashe daga kusurwar gilashin yake ɗiga, inda gam ya saki. Na tara roba. Jiya na je shagon mai kifin ado na sayo sabon akwati, ya ɗan fi wannan girma, yana nan cikin kwalinsa ban taɓa ba. Kifayen biyar duk suna nan, ƙananan huɗu da babban nan da mahaifinki yake kira Dattijo. Har yanzu in na gifta sai ya biyo ni ta jikin gilashi yana buɗe baki, kamar na yi masa alkawari na saɓa.

Na leƙa cikin 'yar na'urar da take tace musu ruwa, na ga soson da ke ciki. Auta, shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin tiyata ina wanke ƙarafa, ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Baƙi ƙirin, sai yauƙi. Allah ya jiƙan ƙanena, tun yana yaro sai na danne shi nake yi masa wanka, ashe kifinsa ma haka ya rene su. Tunda ke ce ma'aikaciyar tashar tace ruwa, ki rubuto mini yadda ake mayar da su sabon gida.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunki, Allah ya ƙara sauƙin gwiwar. Ina cin abinci, wani lokacin ma a zaune. Aiki da yawa, amma lafiya lau.

Gwaggo, don Allah, don Annabi, kada ki wanke soson nan. Na san halinki, shi ya sa na fara da wannan. Abin da kike gani kamar datti, shi ne yake riƙe da ran kifayen. Kashinsu da ragowar abincinsu suna ruɓewa su zama guba a ruwa, ana ce mata amoniya. Ba a ganin ta, ruwan yana iya yin garau alhali yana kisa. A cikin soson da tsakuwar akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da suke cinye ta su mayar da ita wata gubar, wasu kuma su cinye wannan ta biyun. Sabon akwati ba shi da su ko ɗaya, sai ya yi wata guda ko fiye kafin su taru. Soson Baba kuwa shekara tara suna zaune a cikinsa.

Ki kwashe rabin tsohon ruwan a bokiti ki sa kifayen a ciki. Soson ma ki tsoma shi a tsohon ruwan, kada ya bushe, kada ruwan famfo ya taɓa shi, domin kilorin ɗin da ke ciki yana kashe ƙwayoyin. Na sani, tunda mu muke zuba shi. Ki mayar da tsakuwar yadda take, ki juye tsohon ruwan, ki cika da sabo bayan kin ɗiga masa maganin da ke cikin shuɗiyar kwalba. Tana cikin kwalin takalmin da na bar miki, tare da kwalaben gwaji da katin launuka. Kullum da safe ki ɗebi ruwa kaɗan ki gwada. Kwalba ta farko in ta yi rawaya, lafiya. In ta yi kore, akwai guba. Ta biyun ana so ta tsaya shuɗiya. Abinci kuma kaɗan, sau ɗaya a rana.

Ki yi haƙuri, na cika ki da karatu. Kin san Dattijo yakan riga kowa tare Baba in ya dawo daga shagonsa na gyaran keken ɗinki. Ko hannu bai wanke ba yake tsayawa su gaisa. Ɗakina a nan ba ya ɗaukar akwati, da na taho da shi. Shi kaɗai ya rage mini wanda Baba ya ciyar da hannunsa, ƙananan daga baya na sayo su.

Taki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta ta tas. Shekaranjiya na mayar da su, na yi komai yadda ya kamata. Da za ki ga ruwan, sai kin rantse babu ruwa a ciki. Falon ma ya daina wannan ƙarnin. Dattijo yana ta zagaye yana duba sabon gida kamar wanda zai saya. Ki kwantar da hankalinki ki yi aikinki.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fata gwiwar ta lafa. Ni lafiya, sai dai mura da na yi kwana uku, ta wuce.

Yau sati uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Na rubuto sau biyu ina tambayar launin da kwalaben suka nuna, shiru. Da na ga kin ce kin yi komai yadda ya kamata, na san kifayen suna hannu nagari, don haka ba su nake tunani ba. Ke nake tunani. Na sake juya abin da na rubuta miki a raina, na ga na yi rashin kunya. Ke da kika yi shekara talatin kina kula da rayukan mutane, ni ce zan zauna ina ce miki "na san halinki", ina koya miki ɗibar ruwa a bokiti. In wannan ne ya ɓata miki rai, ki yafe mini.

Akwai kuma abin da na ɓoye miki, wataƙila ma kin gano shi, shi ya sa kika yi shiru. Na san akwatin yana yoyo tun kafin in kawo miki shi. Na ga danshi a kusurwar, na liƙa masa salatif, na juya wajen ya kalli bango. Na ji tsoron in na faɗa za ki ce ba a shigo miki da abin da zai jiƙa miki falo ba, ni kuma ba ni da inda zan kai su. Na bar ki da gwiwa mai ciwo kina tara roba. Tun da takardarki ta farko ta zo nake jin kunyar wannan.

Ki rubuto ko layi biyu ne, ko faɗa ne ma. Ki gaishe mini da Dattijo.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Allah ya raba ki da mura. Ni jikina lafiya. Takardunki uku suna nan a kan tebur, na kife su don kada in riƙa ganin rubutunki. Ta ƙarshen nan ce ta hana ni sakat. Ke kina neman gafarata a kan salatif, ni kuwa ban san da bakin da zan fara ba.

Dattijo ya mutu. Shi da biyu daga cikin ƙananan. Ni na kashe su.

Na karanta takardarki ta farko sau biyu kafin in taɓa komai, kada ki ce ban gane ba. Na gane sarai. Na ce a raina, yarinyar nan da na yi wa wanka da hannuna tana jaririya ita ce za ta ce mini datti magani ne? Rayuwata duka na yi ta ina yaƙi da ƙwayoyin da ba a gani, yau a ce in yi renon su a falona? Na ɗora tukunya na dafa soson kamar yadda muke dafa ƙarafa. Tsakuwar na jiƙa ta a bilic, maganin wankin nan mai kashe ƙwayoyi, na ɗauraye sau bakwai. Tsohon ruwan na sheƙar da shi a makwarara. Abu ɗaya na bi cikin maganarki, wato shuɗiyar kwalba, shi ma don ta yi kama da magani ne, da rubutu a jikinta. Ranar da na rubuto miki cewa na yi komai yadda ya kamata, na zaɓi kalmomin ne a tsanake. Yadda ya kamata a wurina nake nufi, kuma na san ba haka za ki karanta ba.

Kwana huɗu ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Na ce to, saura datti. Na sake kwashe komai na wanke. Da na ga sun yi laƙwas, sai na ƙara musu abinci, sau uku a rana, don a saninmu mara lafiya da ci yake tashi. Rana ta shida na tarar da ƙarami ɗaya a kife. Rana ta takwas wani. Dattijo ya koma saman ruwa yana haki, gefen kansa inda yake numfashi ya yi ja. Auta, na san numfashin wanda iska take yanke wa, na gan shi a gadon asibiti ba sau ɗaya ba. Na tsaya ina kallo da tsumma a hannu ina goge gilashi. Kwalin gwajin yana ƙarƙashin teburin, ƙafata tana taɓa shi, na kasa buɗewa. Sau nawa na yi wa mutane faɗa a kan gudun gwaji? Ashe haka suke ji. Rana ta goma sha biyu da hantsi ya kwanta a kan tsakuwar nan mai ƙyalli, bai sake tashi ba. Na binne shi a babbar tukunyar fulawa ta bakin taga.

Saura mafi muni. Washegari na ɗauki hotonsa na tafi shagon mai kifi, na ce ya nemo mini irinsa sak, mai farin tabo a wutsiya. Niyyata in kin zo hutu ki gan shi ki yi murna, magana ta mutu. Mutumin ya kalli hoton, ya kalle ni.

"Mama, me ya sami wannan ɗin?"

Na ce, "Tsufa."

Ya ce, "To. Ki kawo mini ruwan akwatin a kwalba tukuna, sai mu yi maganar kifi."

Na koma na kawo. Ya ɗiga maganin gwaji a gabana, da mutane biyu a shagon suna kallo. Kafin ya gama girgizawa ruwan ya yi kore shar. Ya ce, "Mama, wanke soson kika yi?" Na ce dafa shi na yi. Ɗaya daga cikin mutanen ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi mai shagon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba zan ba ki kifi ba, Mama, ko wanne na ba ki kwana uku zai yi. Ba kifi ne ya yi miki ƙaranci ba." Ya naɗe hannun riga, ya zaro wani soso daga akwatinsa, ya fi na mahaifinki muni, ya sa a leda da ruwansa ya ƙulle. Ya ce in tafi kai tsaye kada in tsaya ko'ina. Haka na ratso titi da ledar datti a hannu biyu, ina tafiya a hankali kamar na ɗauko bakwaini.

Biyun da suka rage suna raye. Yanzu kullum ina gwadawa, har yanzu kore ne amma ya fara haske. Ban nemi ki ce ba komai ba, domin da komai. Salatif ɗinki kuwa na gan shi tun ranar da kika kawo akwatin, ban ce uffan ba.

Gwaggonki.

*

Gwaggo,

Na gaishe ki. Lafiyata lau.

Takardarki ta same ni a wurin aiki. Na karanta a ɗakin gwaji, na fita bayan gini na yi kuka har abokiyar aikina ta biyo ni ta ɗauka mutum ne ya rasu. Na kasa ce mata kifi ne. Kwana tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na yi fushi, Gwaggo, ba zan ɓoye ba. Kuma fushin ba na Dattijo kaɗai ba ne, shi ya sa na daɗe.

Lokacin da Baba ya rasu, kin san sai bayan kwana biyu na samu isowa. Duk tsawon hanya abu ɗaya nake so: in shiga ɗakinsa in rufe ƙofa in ji ƙamshin man keke da sabulun askinsa. Da na buɗe, warin asibiti ne ya tare ni. An cire zanin gado, an ba da kayansa, an goge teburin aikinsa har ɗigon man da ya shekara a kai ya fita. Kina tsaye a bayana hannunki duk ya yi fari don wanki. Na juyo na ce miki, "Sannu da aiki, Gwaggo." Wata goma sha huɗu ke nan ina ɗauke da wannan sannun. Da na faɗa miki gaskiya tun a ranar, wataƙila da kin san abin da nake roƙo sa'ad da na ce kada ki wanke soson. Ni ma ina da nawa laifin, na iya yin shiru in juya abu ya kalli bango.

Ban san ko na huce ba. Amma biyun nan ba su yi wa kowa komai ba. In kwalbar farko ta yi kore, ki cire kashi ɗaya cikin uku na ruwan ki zuba sabo mai magani, kada ki wuce haka. Nan gaba ta biyun za ta rikiɗe ta bar shuɗi, kada ki firgita, alama ce aikin yana tafiya. Ki ci gaba da canza ruwan kaɗan-kaɗan. Abinci kwana ɗaya a ba su, kwana ɗaya a hana. Sauran aikin ba naki ba ne, jira ne kawai. Ki riƙa rubuta launin kowace rana a takarda ki aiko mini, ko mai kyau ko mara kyau.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Gwiwar nan ta saba da ɗaukar bokiti, har ta rage ƙorafi.

Ga takardar launukan nan na haɗo, ta kwana talatin da takwas. Na ja mata layi kamar katin zafin jikin majinyaci, ban tsallake rana ko ɗaya ba. Za ki ga sati na uku ya yi muni, kwalba ta biyu ta yi duhu har na daina cin abincin kirki. Amma yau kwana shida a jere ta farko rawaya, ta biyu shuɗiya. Na kai wa mai shagon ya sake gwadawa don kada ya zama idona ne yake so ya ga haka. Ya ce, "Mama, akwatinki ya kama." Ya tambaya ko yanzu ina son mai farin tabon. Na ce a'a, ba nawa ba ne da zan cike gurbinsa.

Soson ya yi baƙi, yana yauƙi. Gefen gilashin ya fara yin kore-kore. Wani lokaci hannuna yana ƙaiƙayi har sai na zauna a kansa. Biyun sun yi ƙiba, ɗaya ma ya fara biyo ni ta jikin gilashi. Ban sa musu suna ba, na bar miki.

Maganar ɗakin. Na karanta wurin sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Gaskiya kika faɗa, kuma ban taɓa sani ba sai yanzu. Ranar da aka fita da gawar mahaifinki, gida cike da mutane, kowa yana zaune yana kuka, ni na kasa zama. Tun yana shekara huɗu uwarmu ta bar mini shi. Ban iya lallashi ba, ban iya wasa ba. Wanka na iya, da wanki, da guga. Shi ke nan abin da na taɓa yi masa, sai na tashi na yi masa na ƙarshe. Ban tuna cewa akwai mai zuwa tana neman abin da nake gogewa ba. Ki yafe mini in kin iya, in ba yanzu ba, duk sanda ya samu.

Akwai ƙunshi tare da takardar nan. A ranar, da na zo kan shuɗiyar rigar aikinsa da take rataye a bayan ƙofa, na ɗauke ta zan jefa a ruwan wanki, sai na kasa. Na ƙulle ta a leda biyu na tura ƙasan akwatin kayana, ban gaya wa kowa ba. Kunya nake ji a ce ni, da bakina da sunana, ina ajiye da riga mai datti. Nakan buɗe ledar wani lokaci, kaɗan, in sake ƙullewa da sauri. Da na san kina nema, da ban riƙe ta ni kaɗai duk watannin nan ba.

Akwai man keke a aljihun ƙirji, wuyan kuma ya yi baƙi. Ƙamshin yana nan, sai dai ya ragu, don haka kada ki bar ledar a buɗe.

Kada ki wanke ta.

Gwaggonki.